Tarihin Horar da Malaman Kimiyya a Arewacin Nijeriya

Darasin kimiyya a makaranta yana ɗauke da abu biyu. Akwai abin da masana suka riga suka gano, kamar cewa sauro ne ke yaɗa maleriya, ko cewa duniya ce ke kewaya rana. Akwai kuma hanyar da aka bi aka gano: a lura, a yi tambaya, a gwada, a auna, a sake gwadawa, a kuma jinkirta yanke hukunci sai hujja ta isa. Na farkon littafi ma yana iya isar da shi. Na biyun kuwa sai a hannun malami, kuma malamin da aka taɓa sa shi ya gwada wani abu da hannunsa. Saboda haka labarin koya wa yara auna hujja a arewacin Nijeriya yana tafiya ne tare da labarin yadda aka horar da malamansu.

Horar da malaman boko a Arewa ya fara da makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, inda aka ware aji na malamai da aka ɗauko daga cikin masu ilimin addini. Sai kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a 1922 musamman domin yaye malamai. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito, kuma dukansu biyu sun riƙe alli kafin su shiga harkar mulki. Ƙarfin karatun Katsina a shekarun farko yana kan Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa. Abin da ya yi kama da kimiyya a makarantun elementare na wancan zamani shi ne nazarin halittu da tsabtar jiki da aikin lambu. Darussa ne masu amfani ƙwarai: a tace ruwan tafki saboda kurkunu, a haƙa masai nesa da rijiya, a rufe abinci saboda ƙuda. Sai dai da sigar umarni suke zuwa. An faɗa wa malami a kwaleji, shi kuma ya faɗa wa yara a aji, babu inda aka tsaya aka nuna yadda aka yi aka san haka. Ko littafin Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta a kan halittun duniya a ƙarshen shekarun 1940, duk da ya tabbatar da cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin kimiyya, littafin karatu ne, ba a shirya shi don yaro ya fita waje ya gwada ba.

Akan ɗora laifin haddar darussa a kan makarantar allo, amma zargin bai cika daidai ba. Hadda a makarantar allo tana da dalilinta, domin nassi ne ake son a kiyaye harafi da harafi. Makarantun Ingila na wancan lokaci su ma da hadda suke tafiya, kuma irinsu aka dasa a nan. Ban da haka, a zaurukan ilimi na Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato akwai tsohuwar al'ada ta neman dalilin hukunci da bin diddigin wanda ya ruwaito magana. Ajin boko ya ɗauki haddar, bai ɗauki waccan al'ada ba.

Abubuwa biyu sun faru a 1957 da suka juya akalar al'amarin. A gida, malaman sakandare suka kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka fi sani da STAN. A waje kuma, cikin watan Oktoba, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi, ta zuba kuɗi masu yawa wajen sabunta manhajar kimiyya da tara malamai a jami'o'i lokacin hutu ana sake horar da su. Jerrold Zacharias, masanin fiziks a jami'ar MIT, ya riga ya fara irin wannan aiki tun 1956. A Ingila ma gidauniyar Nuffield ta fara nata a 1962. Manufar duka ɗaya ce: ɗalibi ya koyi kimiyya ta hanyar yin ta.

Yadda wannan tunani ya iso Afirka yana da alaƙa da wani taro da aka yi a Rehovot ta Isra'ila a 1960, a kan amfanin kimiyya ga ƙasashen da suka sami 'yanci. Wani malamin kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, Solomon Caulker, ya ja hankalin mahalarta cewa manyan ayyuka ba za su yi tasiri ba muddin yara suna tashi ba tare da sanin yadda ake haɗa abu da sanadinsa ba, musamman a sha'anin cuta, don haka daga firamare ya kamata a fara. A hanyarsa ta komawa gida jirgin da ya ɗauko shi ya faɗi a kusa da Dakar, ya rasu. Zacharias, wanda ya halarci taron, ya riƙe maganar. A 1961 aka haɗa masana ilimi na Afirka da Amurka da Ingila a kusa da birnin Boston, aka tattauna. Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya fara gwajin kimiyyar firamare a Nsukka a farkon shekarun 1960. A 1965 kuma, a Kano, aka yi taron da ya haifi Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka, wanda ya yi aiki a ƙasashe masu amfani da Ingilishi da tallafin Amurka.

Mafi shahara cikin darussan da shirin ya tsara an gina shi ne a kan wani ɗan ƙwaro da kowane yaron karkara ya sani, wanda ke haƙa rami mai siffar mazurari a cikin busasshen rairayi, a gindin katanga ko ƙarƙashin rumfa, ya ɓuya a ƙasa yana jiran kiyashi ya zamo. Malami zai fita da yara su tono ƙwarin, kowane rukuni ya zuba rairayi a gwangwani ya sa nasa a ciki. Ba a jimawa tambayoyi ke fara fitowa. Me ya sa yake tafiya da baya? Da kai yake watsa rairayin ko da ƙafa? Babban ƙwaro ne ke haƙa babban rami? Ƙa'idar darasin ita ce malami ba zai ba da amsa ba, sai ya mayar da yaro wurin ƙwaron. Mai son sanin abin da yake ci, ya jefa masa kiyashi, ya jefa ƙwayar gero, ya taɓa bakin ramin da tsinke, ya ga wanne zai kama. Mai son sanin ko sai a rairayi yake haƙa, ya gwada shi a toka, a dusa, a garin katako, a jiƙaƙƙiyar ƙasa. In rukuni biyu suka sami sakamako daban, nan ne darasin ya kai inda ake so, domin dole a koma a duba: girman ƙwarin ɗaya ne? Gwangwanin wannan a rana yake, na wancan a inuwa? Sau nawa aka gwada? Yaron da ya yi mako biyu a kan wannan ya koyi cewa gwaji ɗaya ba ya isa, cewa abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, cewa kuma maganar da ya zo da ita da safe tana iya rushewa kafin azahar. Duk wannan babu kwabo da aka kashe.

Wahalar tana wurin malami. Irin wannan darasi yana bukatar mutum ya tsaya gaban yara ya ce bai sani ba, a zo a gwada tare, alhali ya tashi a inda girman malami shi ne kada a ga kasawarsa. Yana bukatar ya jure hayaniya da ƙura, ya kuma iya kare kansa idan hedimasta ya leƙo ya ɗauka wasa ake yi. Masu shirin sun gane haka, shi ya sa a wuraren bita ba lacca suke yi wa malamai ba. Kayan da za a ba yara su ake ba malaman, a ce ga batir ga waya ga ƙwan tocila, a kunna. Mutum mai shekara goma yana koyarwa sai ya ga ya daɗe yana juya waya kafin wuta ta kama, daga nan ya fahimci abin da yaro ke ji da abin da yake koyo a lokacin da yake fama. A 1970 aka miƙa shirin ga 'yan Afirka, aka kafa masa sabuwar hukuma mai hedikwata a Akara ta Gana.

A ɓangaren sakandare kuwa, rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya buɗe hanyar kafa manyan kwalejojin horon malamai. Ta Zariya ta fara a 1962 da taimakon UNESCO, ta Kano ta biyo baya cikin 'yan shekaru. Daga nan takardar NCE ta samo asali, karatun shekara uku inda ɗalibi ke haɗa darussa biyu da ilimin koyarwa. Waɗanda ake yayewa ba su kusa isa ba, don haka shekara da shekaru azuzuwan fiziks da kemistiri da bayoloji a Arewa suna hannun baƙi: matasa 'yan sa-kai daga Amurka da Ingila, sannan malaman kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana, sai kuma masu yi wa ƙasa hidima bayan 1973. Babban taron manhaja na ƙasa na 1969 ya nemi a sake fasalin karatu gaba ɗaya, STAN ta fito da manhajar haɗaɗɗiyar kimiyya ta ƙananan azuzuwan sakandare a farkon shekarun 1970, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta rubuta tarbiyyar tunani irin na bincike cikin burin karatun firamare.

Aikin da ya fi dacewa da yanayin Arewa a wannan zamani shi ne Shirin Inganta Ilimin Firamare, wanda Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar a jihohin Arewa shida na lokacin, da tallafin UNICEF da UNESCO, daga farkon shekarun 1970. An rubuta sababbin darussa, har da na kimiyya mai sa yara aiki da hannu, an kuma yi amfani da Hausa a azuzuwan farko a yankunan da ita ce harshen gari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne masu horarwa na tafi-da-gidanka. An ba kowannensu 'yan makarantu yana zagayawa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda malami ya yi, ya karɓi alli ya nuna, ya dawo bayan kwanaki ya ga ko an ɗore. Ɗabi'ar koyarwa ba ta sauyawa da jin bayani sau ɗaya, kuma wannan tsari shi ne ya yi la'akari da haka fiye da duk wanda ya zo bayansa.

Sai ga ilimin firamare kyauta na bai-ɗaya a watan Satumba na 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka bayyana. Alheri ne babba ga iyalan da ba su taɓa sa ɗa a makaranta ba, amma ya ci ƙarfin horar da malamai. Aka buɗe kwalejoji barkatai, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda ba su sami horo ba aka ba su aji. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ɗaga matsayin malaman da ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa, da littattafan darasi da haɗuwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Dubban malamai sun sami takarda ta wannan hanya. Sai dai tsari ne da ya dace da abin da ake karantawa a rubuta, ba shi da ƙarfi a wajen abin da sai an taɓa. Mai zagayawa ɗaya da ke iya kula da makarantu kaɗan ba shi da yadda zai yi da ɗaruruwa.

Jihar Kano ta bi wata hanyar a 1977, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa, aka tanadar musu ɗakunan gwaje-gwaje da malamai. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa suka yi alfahari da su a shekarun baya daga irin waɗannan makarantu suka fito, wasu jihohi ma sun kwaikwaya. Ma'aunin nasararsu dai shi ne sakamakon WAEC da yawan masu shiga jami'a, kuma tsarin bai taɓa yadda ake horar da malamin makarantar ƙauye ba.

Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 da tsuke bakin aljihu na 1986 sun ƙarasa abin da cunkoso ya fara. Darajar naira ta zube, malaman kwantiragi suka koma ƙasashensu, sinadarai da kayan gilashi da ake shigowa da su suka gagari makarantu, albashi ya riƙa makara. Injunan koyon sana'a da aka sayo domin tsarin 6-3-3-4 sun shekara a cikin akwatunansu a makarantu da yawa saboda babu wuta ko babu wanda ya iya harhaɗa su. A wannan zamani ne wani salon darasi ya kafu wanda har yau ake ganinsa. Malam zai zana kwalba da bututu a allo, ya rubuta manufar gwaji, da kayan aiki, da matakai, da abin da aka lura da shi, da sakamako. Yara su kwafe duka, har da cewa ruwan ya koma ja, alhali ba su ga ruwan ba. Ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane, malam." Jarrabawa ba ta hana wannan ba. Da yake akan aiko wa makarantu jerin kayan da za a bukata kafin ranar jarrabawar gwaji, sai a jinkirta shiga ɗakin gwaje-gwaje zuwa makonnin ƙarshe na aji shida, a maimaita abu biyu ko uku har hannu ya saba. Masu rubuta jarrabawar a matsayin 'yan waje kuwa takarda ce ake ba su a madadin gwajin. Ɗalibin da ya taso a haka, in ya zama malami, abin da ya gani shi zai yi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun fi karkata ga hukumomi da takardu. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da majalisar rajistar malamai a 1993, aka janye tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Amma kwalejojin ilimi sun zama wurin da mafi yawan ɗalibai ke zuwa bayan sun rasa jami'a, kuma a cikinsu akan koyar da darasin "koyarwa ta hanyar bincike" da lacca, a zauren da ya cika maƙil, a haddace matakansa a rubuta a jarrabawa.

A 2006 Nijeriya ta ɗauko wani shiri da aka fara a Kenya a 1998 da taimakon hukumar JICA ta Japan, wanda ake kira SMASE, aka fara gwada shi a jihohin Kaduna da Neja da Filato kafin a faɗaɗa. Ya dawo da tsofaffin ƙa'idoji cikin sabon tsari: darasi ya kasance da aikin yi, yaro ne a tsakiya, a yi gwaji, a haɗa kayan aiki daga abin da ke kusa, kamar robar ruwa da gwangwanin madara da murfin kwalba. Ya ƙara da abu mai kyau da aka san malaman Japan da shi, wato malamai su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan a zauna a gyara. Rauninsa shi ne horon yana gangarowa hawa-hawa, daga masu horarwa na ƙasa zuwa na jiha zuwa na ƙaramar hukuma, kowane hawa kuma yana rage wani abu. Inda aka ci gaba da haɗuwar malaman makarantun da ke kusa da juna, an ga canji. Inda abin ya tsaya a bitar 'yan kwanaki da alawus, malam yakan koma aji mai yara fiye da ɗari ya ci gaba da rubutu a allo.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika haɗa shi da kimiyya ba alhali a tsakiyarta yake. Yaro ba ya iya musu, ko ya ce "to amma in haka ne me ya sa", da harshen da bai mallaka ba. Abin da zai iya da shi shi ne maimaitawa. Gwajin da Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su yi baya a Ingilishi ba, sun kuma yi kyau a sauran darussa. Manufar 1977 ta amince da harshen gida a azuzuwan farko, a 2022 aka tsawaita zuwa shekara shida, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da soke wannan. A aikace malaman Arewa sun daɗe suna bayani da Hausa suna rubutu da Ingilishi, ba tare da wata kwaleji ta koya musu yadda ake yin hakan da kyau ba.

Wayar hannu ta ƙara wa al'amarin nauyi. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaye ƙasar cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. Jama'a suka tashi da asuba suna dafa ruwa, cikinsu har da masu digiri da malaman makaranta, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Tambayoyin da za su tsayar da mutum a wannan dare ba su fi uku ba: wa ya faɗa, a kan wa aka gwada, me ya sami waɗanda ba su sha ba? Ta ukun ita ce wadda yaro ke koyo idan ya shuka wake a gwangwani biyu, ya sa wa ɗaya taki ya bar ɗayan don kwatanci. Waɗanda suka sha gishirin da yawansu sun ci jarrabawar bayoloji.

A 2023 aka yi dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE. Wannan zai ɗaga darajar takardar malami, kuma ana bukatar hakan. Amma ba zai sauya abin da ke faruwa a ajin kimiyya ba sai kwalejojin sun sa ɗaliban malanta suna gudanar da bincike da hannunsu tun daga shekarar farko, an riƙa bin sabon malami har cikin ajinsa kamar yadda masu horarwa na tafi-da-gidanka suka yi, hukumomin jarrabawa kuma sun fara ba da maki a kan yadda ɗalibi ya kai ga amsa.